Tarihin Koya wa Na'ura Tantance Sunaye a Rijista, 1946 zuwa 1989

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin wata matsala da ta daɗe tana damun masu adana bayanai, watau yadda za a gane ko sunaye biyu da ke cikin rijista daban-daban na mutum guda ne.

A shekarar 1946 Halbert Dunn, wani jami'in ƙididdigar haihuwa da mutuwa a Amurka, ya kawo shawarar a riƙa haɗa takardun kowane mutum wuri guda, tun daga haihuwarsa har rasuwarsa. Amma aiwatarwa ta jira zuwan kwamfuta. A 1959 Howard Newcombe, masanin gadon halitta a Kanada, shi da abokan aikinsa suka haɗa takardun haihuwa da na aure na lardin British Columbia da taimakon na'ura. Abin da Newcombe ya lura da shi, wanda a ganinmu shi ne ginshiƙin fannin, shi ne cewa ba duk daidaituwa ce ke da nauyi ɗaya ba. Idan takardu biyu suka dace a kan sunan da ya cika gari, hujjar ba ta da ƙarfi. Idan kuwa sunan ba kasafai ake jin sa ba, to, ta yi ƙarfi ainun. Saboda haka na'ura tana koyon nauyin kowane suna daga yawan aukuwarsa a rijistar kanta.

Ivan Fellegi da Alan Sunter su ne suka ɗora wannan dabara bisa ƙa'idar lissafi a 1969. Sun raba hukunci gida uku: a haɗa, a raba, ko a miƙa wa akawu ya duba. Wannan gida na uku ba gazawa ba ce, domin kuskuren iri biyu ne, kuma kowanne da ɓarnarsa. In an mayar da mutum biyu ɗaya, wani zai ɗauki cutar wani ko bashinsa. In an raba mutum guda biyu, tsoho na iya rasa fanshonsa. A 1988 William Winkler ya nuna yadda na'ura za ta ƙiyasta ma'aunan da kanta, a 1989 kuma Matthew Jaro ya bayyana yadda aka yi amfani da hanyar a gwajin ƙidayar birnin Tampa na 1985.

Sai dai akwai abin lura. Newcombe ya dogara da tsarin Soundex, wanda aka gina bisa lafazin Turanci: yana riƙe harafin farko, ya watsar da wasula, ya ba sauran baƙaƙe lamba. Da shi Smith da Smyth duk S530 ne. Amma Muhammadu M530 ne, Mamman kuwa M550, alhali kowane akawu a Kano ya san suna ɗaya ne.