Daga Gululu Zuwa Injin Shinkafa: Tarihin Juyi A Ƙasar Kura

Kafin a san Kura da shinkafa, da rini aka san ta. Baƙin yadin da marinanta suka tsoma a baba, mabuga suka buga har ya yi ƙyalli, shi Buzaye ke naɗawa a Agadas, kuma har yau rawani ɗan Kura suna ne a kasuwa. Da matafiyi Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar arzikin ƙasar a kan tufafi yake tsaye. Sai dai masu tarihi sun fi son zancen karofi da masaƙa. Sukan tsallake matar da ke cikin gida da mazari a hannu, alhali in babu zare babu saƙa.

Mazari tsinke ne kawai. Abin da ke sa shi aiki gululu ne, ɗan dunƙulen yumɓun da ake sokawa a ƙasansa. Mai kaɗi ta shafa alli a yatsa, ta murza sau ɗaya ta saki, sai ya yi ta wulwulawa ita kuwa tana jan auduga. Dalili shi ne, duk abin da ke juyawa yana riƙe da juyinsa har sai an ƙwace masa, ko da hannu ko da guga. Yawan juyin kuma ya danganta ga nauyin abin, da saurinsa, da nisan nauyin daga tsakiya. In aka jawo nauyin ciki, dole sauri ya ƙaru don lissafin ya zauna yadda yake.

Turawa a sama suka fara hango wannan. A 1609 Johannes Kepler ya nuna duniyar Mars takan ƙara sauri in ta kusanci rana, ta lafa in ta yi nisa. Isaac Newton ya kawo hujjar a 1687.

Ƙasar Kura ta sake salo bayan da gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974. Ruwa ya gangaro da kansa ta magudanai zuwa gonakin Kadawa, Bunkure da Garun Malam, aka kafa hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976. Zaren masana'anta ya riga ya ture kaɗi, amma dokar juyin ba ta bar garin ba. Tsaya inda ruwa ke shiga bututu a bakin gona ka jefa ƙaiƙayi: daga gefe a hankali zai riƙa kewayawa, yana matsowa bakin ramin sai ya haukace da gudu.

Masu cashe shinkafa ma da wannan dokar suke ci. Injin dizal mai silinda ɗaya sau ɗaya yake bugawa a juyi biyu. Ƙaton faifan ƙarfen da ke gefensa, wanda aka tara wa nauyi a baki da gangan, shi ke ɗaukar injin ya kai shi bugu na gaba. Shi ya sa in an kashe shi ba ya tsayawa nan take, kuma shi ya sa ake korar yara daga wajen bel.

Abin takaici, ɗalibin sakandare a Bunkure da mai wasan zamiya a kan ƙanƙara ake yi masa misalin wannan darasi, abin da bai taɓa gani ba. Malaman kimiyya, ku nemo mazari wajen tsofaffi ku shiga da shi aji tun ana samun masu iya murza shi.