Hunturu da Ɗalibta a Ƙasar Bahindi

Duk wanda ya san ƙasar Bahindi, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo a Masarautar Gwandu, daura da iyakar Jamhuriyar Benin, ya san cewa tun fil azal ruwa da iska ne ke tsara wa mutanenta shekara. Idan damina ta ɗauke, aka yanke gero, dawa ta nuna, aka shiga fadama yankan shinkafa, sai iskar arewa maso gabas ta taso daga Sahara da ƙurarta, ta lulluɓe gari da hazo tun daga Nuwamba har Fabrairu, rana ta fito ba ƙarfi, dare ya yi tsawo. Wani abin al'ajabi kuma, a daidai wannan lokaci ne Kogin Kwara ke sake kawowa alhali ba a ga ɗigon ruwan sama ba, domin ruwan da ya sauka a duwatsun Gini tun damina yakan yi jinkiri a fadamun ƙasar Mali, sai cikin sanyi yake isowa nan. Waɗannan watanni ne magabata suka keɓe wa neman ilmi, kuma a cikinsu ne makarantar zamani ta ajiye hutu.

Hikimar magabata a nan ba ɓoyayya ba ce. Da damina kowane hannu na gona ne, har na malami da almajiransa, hanyoyi sun yanke, rumbu ya yi ƙasa. Amma da zarar an yi kaka, aka fitar da zakka, hatsi ya wadata a gidaje ta yadda ciyar da baƙo ba ya zama mashaƙƙa ga kowa, sai ka ga malami ya ɗaure littattafansa a gafaka, ya sa yaransa gaba, sun nufi wani gari inda za su ci rani, nesa da shagalar gida, ba za su juyo ba sai hadari ya fara haɗowa. Bisa al'ada kowane yaro yakan kawo ɗaurin karan dawa ko itace da yamma, a tara a tsakiyar fili. Kafin assalatu a hura wuta, kolo da titibiri su kewaye ta, kowa ya karkata allonsa wajen harshenta don ya ga baƙi da wasali, gabansa na shan zafi bayansa na shan ɗari, gardawa kuma su koma gefe suna tilawa da ka. In gari ya waye a wanke allo da ruwan da ke sa yatsu ƙagewa, a jingine shi ya bushe, a fere alƙalamin gamba, a rubuta na gaba. Hutunsu na mako Alhamis da Juma'a ne, na shekara kuwa sai Salla ƙarama da babba da Mauludi.

Waɗanda suka sauke Alƙur'ani, wato tsaran 'yan sakandaren yau, su ne ke shiga zauren ilmi, su fara da Ahalari da Ishmawi, su wuce Iziyya da Risala, mai himma ya kai Muhtasar, yana haɗawa da nahawu da lugga. Irin wannan ɗalibi ba ya zama wurin malami ɗaya, yakan bi kowane fanni zuwa ga ma'abucinsa, kamar yadda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda yammacin daular Sakkwato ya zama a hannunsa bayan jihadin 1804, ya lissafa shaihunan da ya ɗauki karatu a wurinsu cikin littafinsa Ida'un Nusukh. Mata ma ba a bar su a baya ba, gama 'yan tarun Nana Asma'u, a ƙarƙashin jajinsu mai malafa, bayan an kawar da amfanin gona suke kama hanya zuwa gare ta.

Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, suka kafa makarantar Ɗan Hausa a Nassarawa ta Kano a 1909, sannan Kwalejin Katsina a 1921, sai suka zo da nasu lissafin, wanda aka yanka bisa yanayin ƙasarsu da bukukuwan addininsu. Yaron da aka ɗauka daga garuruwan bakin kogi zuwa midil ta Sakkwato ya tarar da shekara mai zango uku, tana farawa a Janairu tana ƙarewa a Disamba, jarrabawar fita kuma a ƙarshenta, wato cikin tsakiyar hunturu. Haka aka ci gaba har farkon shekarun 1970, sa'ad da aka mayar da mafarin shekarar karatu zuwa Satumba, jarrabawar WAEC ta koma Mayu da Yuni. An yi ta jujjuya wannan tsari daga baya, amma hutun Disamba bai taɓa gushewa daga wurinsa ba.

Bayan samun 'yancin kai makarantun kwana suka yawaita a wannan yanki, irin su Kwalejin Kanta ta Argungu da Kwalejin Nagari ta Birnin Kebbi da makarantun Yauri, kuma duk wanda ya yi kwana a kowace irin makaranta ta Arewa, in ka tambaye shi abin da ya fi tunawa, galibi da sanyi zai fara. Ƙararrawa na kaɗawa tun duhu bai yaye ba, yaro ya fito daga bargo ya tarar da ruwan bokitinsa kamar an tsoma ƙanƙara, ya yi alwala haƙoransa na haɗuwa, ya yi salla, ya ɗauki tsintsiya ya share rabonsa na fili, sannan ya bi layin koko da kofinsa, yana riƙe da shi hannu bibbiyu don ɗumin ya ratsa tafinsa. Leɓe ya tsage, diddige ta yi faso, wanda ke da kwalbar basilin ko ɗan man kaɗanya daga gida ya zama mai abokai. Da dare a zauna muraja'a gaban fitilar ƙwai, bayan an tashi a jiƙa kwaki da ƙuli-ƙuli a ci a ɓoye. Ba zan yi shiru a kan aibin wannan rayuwa ba: manyan ɗalibai sun sha tura ƙanana ɗiban ruwa da wanki a irin wannan asuba, suna kiransa tarbiyya, alhali zalunci ne tsagwaronsa, kuma da yawa daga waɗanda suka gudu daga boko wannan ne ya kore su, ba wuyar darasi ba. Amma a wannan fasali ne kuma wasanni ke armashi, da yake rana ba ta da zafi: gudun fanfalaki, da ƙwallon ƙafa tsakanin gida da gida, da fayis, wasan nan na bugun ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardauna Ahmadu Bello ya shahara da sonsa, wasan kuma ya yi saiwa a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi.

In aka gama jarrabawar zango, aka raba sakamako, sai a ɗora akwatunan ƙarfe a motar kasuwa, wasu su ƙarasa gida a jirgin ruwa. Abin da ya cancanci lura shi ne yadda jama'a suka cika wannan hutu na aro da abin da yake nasu. Ɗan sakandare ba ya isowa ya miƙe ƙafa, yakan tarar da sussukar shinkafa da ɗaurin buhuna, da ban-ruwan albasa a lambu, ɗan Sarkawa kuma ya koma kan komarsa. Lokacin ne na bukukuwan aure, tun da kuɗin kaka na hannu, 'yan mata 'yan makaranta su shiga hidimar lalle da kitso da gaɗa a dandali, samari su tafi kallon kokawa da dambe a garuruwan maƙwabta. Da yake iyaka ba ta raba zumunta ba, akan ƙetara gaida dangi a wajajen Segbana ko Malanbil, a tarar da 'yan makarantar Faransanci su ma suna nasu hutun na ƙarshen shekara, a zauna ana gwada wa juna littattafai da Hausa ko Dandanci, tun da harshen ajin wannan ba ya shiga kunnen wancan. Kiristocin yankin suna Kirsimetinsu, 'yan ƙasar Zuru na ɗokin Uhola, bikin kamun kifin Argungu kuwa, wanda aka fara a 1934, sai bayan an koma makaranta yake zuwa. Iyaye masu lura kuma ba su yarda allo ya yi ƙura ba: washegarin isowa suke tura yaro wurin malaminsa na da, ya ɗora daga inda ya tsaya, ta haka tsohuwar al'adar karatun sanyi ta sami mafaka a cikin hutun boko.

Salla kuwa ba ta da mazauni a wannan lissafi, domin shekarar hijira tana gaza ta miladiyya da wajen kwana 11, sai ta zagayo cikin kimanin shekara 33. Waɗanda suka yi sakandare a 2000 sun ga Salla ƙarama sau biyu a shekara ɗaya, a Janairu da ƙarshen Disamba, sun yi azumi mai sauƙin ƙishi da tashe cikin hazo, kuma sai wajen 2033 za a sake ganin irin haka.

Tun daga shirin ilmin firamare na bai-ɗaya na 1976, da ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, makarantun je-ka-ka-dawo sun matso kusa da ƙauyuka, sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021 kuma ya sanyaya gwiwar iyaye game da makarantar kwana, ta yadda yaran da ke dawowa da akwati a Disamba suka ragu. Abin da ke damuna a yau shi ne rabon watannin kansa. Lokacin da ciki ke ƙoshe, dare ke da tsawo, ƙwaƙwalwa ke karɓar karatu, a tsakiyarsa ake rufe aji mako biyu ko uku, a haɗa da makon jarrabawa a gabansa da makon jan ƙafa a bayansa. Jarrabawar da makomar yaro ta rataya a kanta kuwa an kai ta Mayu da Yuni, bayan ya yi shirinta cikin zafin bazara, a daidai sa'ad da ubansa ke sharar gona yana duban gabas, yana kuma bukatar hannunsa ranar shuka. Da masu tsara jadawali a Birnin Kebbi za su ware wa 'yan ajin ƙarshe na garuruwan bakin kogi darussa na musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, a biya malaman da za su tsaya musu, da sun shiga bazara da rabin shirin jarrabawarsu a hannu.