Yadda Kalangu Ya Shiga Jami'a: Waiwaye Kan Martabar Makaɗi a Ƙasarmu

Ina godiya ga shugabannin wannan ƙungiya tamu mai albarka da suka ba ni fili a mujallar bana. Abin da zan tattauna a kai shi ne matsayin kiɗa da waƙa a tarihin al'ummarmu, musamman ganin cewa garinmu Funtuwa yana da babban rabo a wannan fage.

Tun kafin zuwan Turawa, kusan kowace sana'a a ƙasar Hausa tana da kiɗanta. Mahauta suna da kalangu, manoma suna da gangar noma wadda ake kaɗa musu a ranar gayya, maharba da 'yan dambe da 'yan tauri kowa da nasa take. A fada kuwa akwai tambari da kakaki da algaita, waɗanda ba a kaɗa su ko busa su ga kowa sai sarki. Makaɗin fada shi ne ma'ajin tarihi, domin a bakinsa ake jin jerin sarakuna da yaƙe-yaƙensu, kamar yadda waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suka nuna.

Duk da wannan aiki, al'umma ba ta ɗauki makaɗi da daraja ba. Maroƙi ake ce masa, kuma gidaje da dama ba sa ba shi auren 'yarsu. A shekarun da na yi ina koyarwa na sha raba faɗa tsakanin yara saboda an kira wani ɗan maroƙa. Ni kaina na taɓa hukunta wani yaro don ya mai da tebur ganga, ban tsaya na tambaye shi abin da ke ransa ba. Har yau abin yana damuna.

Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya fuskanci irin wannan ƙyama tun daga gida, domin mahaifinsa bai so ya zama mawaƙi ba. Ya fara da tallar goro da alewa, daga bisani waƙa ta rinjaye shi, ya kuma yi zama mai tsawo a nan Funtuwa. Ya yi wa sarakuna da attajirai waƙa, ya yi wa direbobi da manoma, ya ƙarfafa wa sojoji gwiwa a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Waƙa kuma ta zama bakin talaka. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, marubuta irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu sun yi amfani da baitoci wajen faɗakar da jama'a game da zalunci da 'yancin ɗan ƙasa, a zamanin da mafi yawan mutane ba su iya karanta jarida ba. Ɗanmaraya Jos, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya yi wa karen mota waƙa, ya kuma soki auren dole. A nan gida, Hajiya Barmani Choge ta ɗauki kiɗan ƙwarya na amada, wanda mata ke yi a cikin gida, ta fito da shi fili, tana zaburar da mata su kama sana'a don su rufa wa kansu asiri.

Sannu a hankali masana suka gane cewa waɗannan waƙoƙi ilimi ne. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka, kuma bincikensa a kan Shata ya yi shi. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa na dakta. Wanda aka raina da sunan maroƙi sai ga shi sanye da rigar malamai a gaban shehunan boko. Jami'ar Jos ita ma ta karrama Ɗanmaraya da irin wannan digiri. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗan baka, kuma a 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihin rayuwar Shata.

To amma ina muka tsaya mu mutanen gida? Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015. 'Yan amshi da makaɗan da suka yi yawo tare da su suna ta raguwa, kuma kowane ya tafi da abin da ya sani. Faya-fayan garmaho da kaset-kaset suna nan cikin akwatuna, zafi da ƙura suna cinye su. Ɗalibi daga garin nan sai ya tafi Kano ko Zariya kafin ya sami abin da aka rera a ƙofar gidansu.

Saboda haka ina ba ƙungiya shawara guda uku. Na farko, a kafa kwamiti da zai bi gida-gida ya karɓi aron tsofaffin faya-fayai, a juye su a kwamfuta, a mayar wa masu su. Na biyu, a naɗi hira da dattawan da suka yi zamani da waɗannan mawaƙa tun suna raye. Na uku, a ware wani kaso daga asusun tallafin karatu domin 'ya'yanmu masu nazarin harshe da adabin Hausa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci zuriyarmu, Ya ƙara wa wannan ƙungiya haɗin kai. Amin.