Dutse Mai Sulɓi: Tarihinsa da Amfaninsa

Yau hirarmu a kan wani dutse take.

Ƙasarmu ta Tasawa da Mayahi ƙasar rairayi ce. Mutum ya bi Gulbin Kaba wuni guda, da wuya ya yi tuntuɓe da dutse. Amma a wasu gidaje akwai tsohuwar munduwar dutse, baƙa wuluk, wadda kakanni suka bari. Daga ina ta fito?

Daga arewa ta fito, daga duwatsun Abzin. Can akwai dutse mai laushi, mai sulɓi a hannu. Turawa suna ce masa dutsen sabulu, amma ba ya kumfa, ba a wanki da shi. Santsinsa ne ya jawo masa sunan. Farce yana iya zana shi, wuƙa tana sassaƙa shi. Maƙeran Abzinawa sukan fafe shi, su goge, su shafa masa mai har ya yi baƙi. Maza sukan sa shi a damtse.

A da, ayarin raƙuma mai gishirin Bilma yakan sauka Tasawa, ya koma da hatsi. Cikin 1851 wani Bajamushe, Barth, ya iso Tasawa tare da irin wannan ayari. Ta wannan hanya kayan Abzin suka shigo ƙasarmu.

Ba mu kaɗai muka san dutsen ba. A Esie, cikin jihar Kwara ta Najeriya, an sami ɗaruruwan mutum-mutumi nasa. A 1945 aka buɗe masu gidan tarihi, shi ne na farko a Najeriya. A Barazil ana yin tukunya da shi, don yana riƙe zafi.

Har yau muna amfani da shi. Masu walda suna zana ƙarfe da shi, don wuta ba ta share zanen. Farin ma'adinin da ke cikinsa ana niƙa shi a yi hoda. Amma ba ya dutsen niƙa: laushinsa ya yi yawa, sai ya zube cikin gari.

To jama'a, wanda ya gaji munduwar nan ya riƙe ta. Kada wani ɗan kasuwa ya raba shi da ita a kan kuɗi kaɗan. Kuɗi ƙarewa suke, gado kuwa ba ya dawowa. Ku tambayi tsofaffi labarinta, ku rubuta da hannunku, tun da yanzu kun iya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.