Doka Ɗaya Ga Kowa? Shawarar Ibnul Muƙaffa'i Da Amsar Imamu Malik

Gabatarwa

Daular Abbasiyya ta kafu a shekara ta 132 bayan Hijira (750 Miladiyya), ta tarar da alƙalai a Madina da Kufa da Basra da Sham, kowane yana hukunci da abin da ya gada daga malaman garinsa. A zamanin Halifa Abu Ja'afar al-Mansur (136–158 B.H.) aka fuskanci tambayar da har yau ba ta tsufa ba: shin manufar doka ita ce daidaita mutane a kan hukunci guda, ko kuwa kiyaye gaskiya gwargwadon yadda hujja ta isa ga kowace al'umma?

Ra'ayin Ibnul Muƙaffa'i

Abdullahi ɗan Muƙaffa'i, magatakarda Bafarishe wanda ya fassara Kalila wa Dimna, ya rubuta wa Mansur wasiƙar da aka sani da Risala fis Sahaba. A cikinta ya koka da cewa jinin da alƙalin Hira ya halatta, na Kufa yana haramta shi, har ma a cikin Kufa kanta unguwa tana saɓa wa unguwa. Maganin da ya kawo shi ne a tattara hukunce-hukuncen nan da hujjojinsu a gaban halifa, ya zaɓi guda a kowace mas'ala, ya rubuta su a littafi, ya hana alƙalai ƙetare shi.

Kukan nasa yana da tushe. Talakan da bai san hukuncin da zai tarar a gaban alƙali ba, ba shi da aminci a kan jininsa da dukiyarsa, alhali kiyaye su yana cikin larurori biyar da Imamu Gazali (ya rasu 505 B.H.) ya lissafa daga baya a al-Mustasfa: addini da rai da hankali da zuriya da dukiya.

Amsar Malik

Ibnu Sa'ad ya ruwaito cewa Mansur ya nemi a kwafi littattafan Malik, a aika kowane gari, a ɗora mutane a kansu. Abu Nu'aim ya kawo makamancin labarin game da Haruna Rashid. A ruwayoyin biyu Malik ya ƙi, hujjarsa kuwa ita ce ilimin Sahabbai ya watsu a garuruwa, kowane gari ya riƙi abin da ya iso masa, kuma raba mutane da abin da suka yi addini da shi abu ne mai tsanani.

Abin lura shi ne littafinsa ne za a ɗaukaka, amma ya guje wa hakan. Malik bai musanta amfanin daidaito ba. Abin da ya hango shi ne, idan takobin sarki ne ke rinjayar da ƙauli a kan ƙauli, to ijtihadi ya koma hannun mai mulki, kuma halifa mai zuwa zai iya warware abin da na yau ya ƙulla. Da haka fiƙihu ya zauna a hannun malamai ƙarnoni masu yawa, sarki kansa yana ƙarƙashinsa.

Bayan Ƙarni Goma Sha Ɗaya

Shawarar da aka ajiye ta dawo a daular Usmaniyya. Tsakanin 1869 da 1876 wani kwamiti ƙarƙashin Ahmad Jaudat Basha ya fitar da Majallatul Ahkamil Adliyya, mai sassa 1,851 na mu'amala bisa mazhabar Hanafiyya. Sai dai malamai ne suka zaɓi ƙaulin, sarki ya sa hannu, kuma aka buɗe ta da ƙa'idojin fiƙihu 99 domin alƙali ya san manufar abin da yake zartarwa.

Kammalawa

Mu ma mun bi wannan hanya tun da Jihar Zamfara ta rubuta dokar laifuffuka ta Shari'a a 2000, wasu jihohin Arewa suka biyo baya. Rubutacciyar doka tana kare mai ƙara daga son zuciyar alƙali, wannan ribar Ibnul Muƙaffa'i ce. Amma idan alƙali ya haddace lambar sashe ya jahilci dalilinsa da shubuhohin da ke kawar da haddi, to abin da Malik ya ji tsoro ya auku. Wajibin jami'o'inmu ke nan su koyar da usulu da maƙasid tare da nassin doka, kafin su miƙa wa ɗalibi shaidar da za ta kai shi kujerar alƙalanci. Allah ne mafi sani.