Asalin Kwat da Rigar Fata

Shigar da Turawa ke yi su tafi ofis ko majalisa, watau kwat da wando da falmaran, daga Ingila ta samo asali. A shekarar 1665 annoba ta kashe dubban mutane a birnin Landan, da shekara ta kewayo kuma gobara ta cinye tsakiyar birnin. Duk da haka fadawa ba su fasa zuba dukiya a kan ado irin na mutanen Faransa ba. Sai Sarki Charles na Biyu, cikin watan Oktoba na 1666, ya fito da sabuwar shiga: doguwar kwat, da falmaran a cikinta, da wando iya gwiwa. Nufinsa manyan ƙasa su koyi tsimi.

Wajen 1800 aka yi wani mai ƙwalisa, sunansa Brummell, abokin ɗan sarki. Shi ya koya wa manyan Landan su bar tufafi masu walƙiya, su sa ulu mai duhu wanda tela ya auna daidai jiki, da farar taguwa wankakkiya fes. Bashi ya kore shi zuwa Faransa, can ya mutu matalauci a 1840, amma telolin titin Savile Row suka riƙe koyarwarsa.

Abin mamaki, gajeriyar kwat irin ta yau, da farko ta shan iska ce a ƙauye. Dattijo ba ya zuwa fada da ita. Bayan Yaƙin Duniya na Farko ta ture doguwar, har a 1936 Sarki Edward na Takwas ya soke doguwar daga tufafin fada.

To, rigar fata kuwa sanyi ya kawo ta. Jiragen saman wancan yaƙi ba su da rufi a kan matuƙi, iska kuwa takan ratsa ulu, amma ba ta ratsa fata. A 1928 wani maɗinki a New York, Irving Schott, ya ɗinka wa mahayan babur gajeriyar rigar fata mai zif, don in mutum ya faɗi kwalta ta ci fatar dabba maimakon tasa. A 1931 sojan saman Amurka suka karɓi irin tasu, ta fatar doki, daga baya har da ta akuya.

Sinima ce ta ɓata mata suna. A 1953 Marlon Brando ya fito da ita a wani fim, yana shugaban 'yan iskan babur, sai waɗansu makarantun Amurka suka hana yara sa ta. A ganina an zalunci rigar, gama ba ta yi laifin komai ba. Yanzu kam a Turai da Amurka akan ga mutum ya ɗora ta bisa taguwa da laktaye ya tafi aiki, da maraice ya hau babur da ita. Amma har yau lauya ba ya tsayawa da ita gaban alƙali.