Daga Ijaza Zuwa LinkedIn: Yadda Ɗaliban Katsina Suka Riƙa Neman Abin Yi

Maƙalar wannan mako ta taɓo wata magana da ba ta fita daga bakin matasa a Katsina: "Aiki sai ka san wani." Wanda ya gama Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Al-Qalam ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo gida yana zaman majalisa, da wuya ka raba shi da wannan zance. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai idan muka waiwayi tarihin garin, za mu ga cewa sanayya iri biyu ce.

Tun zamanin da Gobarau take cibiyar karatu, zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ɗalibi ba ya zama malami don ya ce shi malami ne. Sai ya sauke littafi a gaban shehi, shehin ya ba shi ijaza mai ɗauke da sunan wanda ya karantar da shi, da wanda ya karantar da wancan. Da ita baƙo ke shiga garin da ba shi da kowa, a karɓe shi. Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da falaki, ya bar ƙasar Hausa ya yi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira har ya rasu a 1741. Ilminsa da silsilar malamansa su suka yi masa iso.

Da Turawa suka zo, sai hanya ta sake fasali. A 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina, ginin da yau ya zama gidan adana kayan tarihi. Ɗalibanta kaɗan ne, ana zaɓo su daga lardunan Arewa, kuma aiki na jiran wanda ya gama. Ahmadu Bello ya koma koyarwa a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa a ta Bauchi. An mayar da makarantar Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Barewa. Zumuncin tsofaffin ɗalibanta ya taka rawa sosai wajen cike kujerun gwamnatin Arewa.

Labarin da ya fi shafar mu shi ne na Abubakar Imam. Ya gama wannan kwaleji a 1932, ya zama malami a Midil ta Katsina. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai. Imam ya aika da Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara ya aika da Ganɗoki, Tafawa Ɓalewa kuma Shaihu Umar. Abin da East ya gani a rubutun Imam shi ya sa aka nemo shi zuwa Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce. A Janairun 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ku duba yadda abin ya jeru: rubutu ne ya fara isa Zariya, sanayya ta biyo baya.

Bayan samun 'yancin kai ɗalibai suka yawaita. Neman aiki ya koma duba shafukan New Nigerian, wadda aka kafa a 1966, da rubuta takarda da hannu a kai gidan waya. An fara hidimar ƙasa a 1973. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, sababbin ma'aikatu suka buɗe, aka kwashi ma'aikata. Amma kujerun gwamnati ba sa haihuwa kamar yadda makarantu ke yaye ɗalibai. A nan ne 'yar takardar babban mutum ta yi ƙarfi, wato sanayya iri na biyu, wadda ba ta tambayar me ka iya sai ɗan wa ne kai.

Wayar salula ta shigo a 2001, intanet ya biyo ta cikin aljihu. A 2003 Reid Hoffman da abokansa suka buɗe LinkedIn a Amurka, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 kan dala biliyan 26.2. A gida Nijeriya, wasu ɗalibai uku na jami'ar Ile-Ife suka kafa Jobberman a 2009. Shirin N-Power na 2016 ma ta intanet aka cika shi, kuma da yawanmu mun tuna cunkoson shagunan kwamfuta a lokacin.

Shafin mutum a irin waɗannan dandamali ya yi kama da ijaza: inda ka yi karatu, abin da ka iya, da waɗanda za su shaide ka. Tun 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa daga waɗanda ka sani sama-sama. Dalili kuwa, aminanka abin da ka ji shi suka ji, na nesa ne ke da sabon labari. East ba ɗan uwan Imam ba ne, ba kuma abokin majalisarsa ba.

To mu fa? Kafafe irin su BBC Hausa da Aminiya, da ƙungiyoyin agaji da kamfanonin fassara, suna buƙatar mai rubuta Hausa daidai, mai bambance ƙ da k, mai sanin inda ake raba kalma. Kada ka jira sai ka gama makaranta. Buɗe shafi da sunanka na gaskiya, ka bar laƙabi. Ɗora rubutu uku da ka tace sosai, da samfurin fassara ɗaya. Roƙi malaminka ya rubuta maka shaida. In za ka yi wa edita magana, gajarta, ka nuna aiki kafin ka nemi alfarma. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi a ba ka gurbi, ɗan damfara ne.

Ban ce dandali zai kashe alfarma ba, kuma tsadar data da rashin wuta na nan. Amma alfarma ba a hannunka take ba, rubutu kuwa a hannunka yake. Yau da a ce wani edita zai nemi sunanka a intanet, me zai tarar?

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.